Dalmar Da Na Cire Daga Raket Ɗinka

Talata Mafara,
Ranar Alhamis da hantsi.

Zuwa ga ɗana Nura,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa ka sauka Kaduna lafiya, ka sami masauki mai kyau da mutanen kirki. Yaya gajiyar hanya? Yaya baƙunta? Allah ya sa ka shiga garin a sa'a, ya tsare ka daga sharrin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Mu nan sai godiyar Allah.

Ba labarin gida zan ba ka ba, jiya ka bar shi, babu abin da ya canja sai tabarmarka da aka naɗe. Wata magana ce take damuna wata biyu cur. Jiya a tasha na buɗe baki zan faɗa maka, sai na ji kaina ina cewa ka kula da jakarka. Ka ce to. Mota ta tashi, na dawo rumfa na zauna cikin fatu, ko zare na kasa zurawa a allura. Shi ya sa na ɗauki biro, ni da rabona da rubuta wasiƙa tun ba a haife ka ba. Direban da ya kai ka shi zai kawo maka ita.

Tun da aka cinye ka a gasar tanis ta Gusau kake cewa hannunka ya mutu, kuma da za ka sami irin raket ɗin da zakaran duniyar nan yake riƙewa a talabijin da ba haka ba. Saura mako uku a yi muku gwajin da za a zaɓi masu zama a sansanin horo, kuma na ga yadda ka shiga mota, kafaɗa a sake, kamar an riga an karanta sakamako. Nura, hannunka lafiyarsa lau. Ni ne na taɓa raket ɗinka ba ka sani ba. Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

Halin ba sabo ba ne, tun ina saurayi nake da shi. Kakanka, Allah ya jiƙansa, yana da wata ƙusa a bangon rumfar dukancinmu inda yake rataye ma'aunin ƙafar kowane mai ɗinkin takalmi, an yanka da busasshiyar fata. A cikinsu akwai na wani manomi mutumin Dakko, ana ce masa Ɗan'iya. Ma'aunin ƙafarsa ta hagu a karkace yake, ya fi na dama faɗi, wurin maɗaurin ma ya goce gefe. Ni kuwa lokacin na dawo daga Sakkwato inda na yi wata shida ina koyon sabon yanka, kaina ya kumbura. Na dubi ma'aunin na ce tsufa ya fara taɓa idon Baba. Ranar da ya tafi ta'aziyya na daidaita shi, na ɗinka wa Ɗan'iya takalmi ƙafa biyu iri ɗaya sak, na goge su har suna sheƙi. Mutumin ya zo ranar kasuwa, ya sa, ya yi godiya, ya kama hanya.

Talata ta zagayo sai ga shi da takalmin a hannu, ƙafa ɗaure da tsumma. Ashe tun yana yaro gatari ya sare shi a wurin, ƙashin ya warke a karkace. Bai yi faɗa ba, wannan ya fi mini ciwo. Ya ajiye takalmin gaban kakanka ya ce, "Malam, wanga ba aikinka ba na." Kakanka ya juyo ya dube ni ya ce, "Mi yas sa ba ka tambaye ni ba?"

Don haka ka ji daga bakin wanda ya yi: idan ka ga abin da ya yi kama da kuskure a aikin wanda ya fi ka sani, ka tambaya kafin ka kai hannu. A can za ka haɗu da masu horo da za su sa ka yin abin da kake ganin bai dace ba. Ka buɗe baki cikin ladabi ka ce, "Malam, don me?" Na ɗauka na koyi wannan darasin tun a ƙafar Ɗan'iya. Shekara talatin da wani abu bayan nan na maimaita shi a hannunka.

Ka tuna kwana huɗu kafin tafiya Gusau ka kawo mini raket ɗinka rumfa. Naɗin mariƙinsa ya siɗe da gumi, ka ce in yi maka sabo da fata. Ba ka san daɗin da na ji ba. Shekara uku kana zuwa Bakura wurin Malam Audu, tsohon mai horo, kana bugun ƙwallo a filin simintin nan da ya tsattsage, ni kuwa ban taɓa sa hannu a harkar ba, kallon wasan masu kuɗi nake yi mata. Ranar ce ta farko da ka kawo mini ita har wurin sana'ata.

Da ka tafi na warware tsohon naɗin. A ƙarƙashinsa na ga wasu siraran ƙarafa masu launin toka an manna a jere. Na karta da farce sai ya shiga. Dalma ce. Ka san abin da kalmar nan take nufi a ƙasarmu. Kai kana ƙarami lokacin da gubar dalma ta riƙa ɗauke yara a ƙauyukan masu niƙan dutsen zinare, amma ni na je ta'aziyya gidan da aka fitar da yara biyu rana ɗaya, na ga ubansu ya kasa amsa gaisuwa. Sai ga ta a abin da ɗana yake damƙewa kullum da jiƙaƙƙen hannu. Na duba kan raket ɗin, wurin da aka liƙa baƙin salatif gefe biyu, wanda a da na ɗauka faci ne. Na ɓare, nan ma ita ce.

Ban tsaya tunani ba. Na cire ta tas, na ƙulle a tsumma, na haƙa rami bayan rumfa na binne, na wanke hannu da toka da sabulu sau uku. Sai kuma tsohon halin ya motsa. A gindin mariƙin akwai wani ɗan tudu da aka tayar a gefe ɗaya, na ce wannan aikin ganganci ne, na kankare shi ya yi sumul. Na zaɓo jar fatar akuya mafi kyau a rumfar, mai kauri, na naɗa. Kuma ga wurin da kunya ta fi kama ni: na mayar da baƙin salatif ɗin inda yake don kada ka gane.

Da ka zo ka juya shi a hannu ka ce, "Baba, ya yi kyau. Amma kamar ya rage nauyi." Na ce sabuwar fata ce take sa haka. Ƙarya na yi maka ido da ido. Na san in na faɗi gaskiya za ka garzaya wurin Malam Audu a mayar da dalmar, ni kuwa na riga na yanke cewa na fi ku sanin abin da ya dace da kai. Tsoron da na ji na gaskiya ne, kuma don ina son ka ne. Amma son bai hana shi zama ha'inci ba. Duk wanda ya taɓa kayan aikinka, ko ni ne, ka tsaya a kansa ka tambaye shi abin da ya cire da abin da ya sa. Kuma idan hannunka ya gaya maka wani abu ya canja, ka yarda da shi.

Na bi ka Gusau, Malam Audu kuwa ciwon ƙafa ya hana shi zuwa. Ban san ƙa'idar wasan ba, amma na san yadda kayan aiki yake idan ya ƙi mai shi. Duk ƙwallon da yaron da kuka kara da shi ya turo da ƙarfi sai in ga raket ɗin ya girgiza a hannunka, ƙwallon ya tafi a gajiye ya faɗa raga. Ka riƙa duban tafin hannunka, kana murza gwiwar hannu. Da aka tashi ka zauna a benci ka rufe kai da tawul. A mota bayan mun wuce Maru ka ce, "Baba, ni dai ban iya ba." Ina zaune kusa da kai, na san abin da na binne a bayan rumfa, na ce maka komai nufin Allah ne. Gaskiya ce, amma ɓuya na yi a bayanta.

Ka jefa raket ɗin saman kwaba, ka daina zuwa Bakura. Ni kuma na yi ta lallashin kaina cewa ɗan abin da bai kai nauyin goro ba ba zai kayar da mutum ba. Da kiran Kaduna ya zo, sai na ƙulla wata dabara: in sayo maka sabo fil, irin na zakaran da kake so, in rufe ɓarnata da kyauta. Ranar Litinin ɗin nan na hau mashin na tafi gidan Malam Audu da hoton a waya, don ya gaya mini inda ake sayarwa.

Nura, abin da na gani a zauren tsohon nan shi ne ya sa ba zan iya ci gaba da yin shiru ba.

Ya kalli hoton ya yi murmushi, ya ɗingisa cikin gida, ya fito da raket biyu a naɗe cikin zane. Wallahi tagwaye. Launi ɗaya, rubutu ɗaya, zane ɗaya. Ni da aikina duba fata ne, na juya su gaba da baya ban ga bambanci ba. Ya ce ɗaya a kanti aka saye shi. Ɗayan kuma wani ƙwararren ɗan wasa ne daga ƙasar waje ya bar masa, zamanin da yake aikin ɗaura zaren raket a Legas lokacin manyan gasanni.

Ya ce, "Rumtse idonka, Malam Garba. Riƙe wanga. To, aje, riƙe wanga kuma. Mi kaj ji?"

Na farkon ya tashi sakayau. Na biyun da na ɗaga sai na ji ya zauna a hannu, yana da nauyi amma bai ja ni ƙasa ba, da na kaɗa shi sai ya tafi da kansa kamar gatarin da ya sami ƙota mai kyau. Na buɗe ido na sake duba su, har yanzu iri ɗaya.

Ya ce, "Hwenti riga ta. Kamhwani shina canza ta duk shekara don a sayi sabo. Abin da ac cikin na ƙwararren kuwa tsohuwar ƙira ta, wadda mutumin yas saba da ita tun shina yaro. Ba shi yarda a canza mai."

Ya ɗora kowanne a kan yatsa, ya nuna mini inda yake tsayawa ba ya rinjaya. Wurin ba ɗaya ba ne. Ya ɗauko ƙaramin sikeli irin na masu sayen zinare, ya auna su ina gani. Ya buɗe murfin gindin na ƙwararren, ciki an ɗura wani abu kamar ƙaro don ya shanye girgiza. Mariƙin kuwa ba irin na kowa ba ne, an zuba shi ne daidai da tafin mutumin, har da inda ɗan yatsansa yake kwanciya. Ya ce irin waɗannan mutane suna shiga fili da raket da yawa a jaka, kuma akwai wanda aikinsa kenan a duniya, ya daidaita su har mai su ya kasa bambance ɗaya da ɗaya ko da ido a rufe. Idan rana ta yi zafi a ƙara wa zaren tauri, idan gari ya yi sanyi a sassauta. Wani zaren ma, in ji shi, da hanjin saniya ake yin sa. Na ce la'ilaha illallahu, ashe Fulanin Damaga suna kiwon zaren raket ba su sani ba. Ya yi dariya har da tari.

Sai ya ba ni labarin mai raket ɗin. Ya ce wata rana don ya gwada shi, ya liƙa ɗan gutsuren dalma da bai fi farce ba a ɗaya daga cikinsu, ya rufe. Mutumin ya karɓa, ya buga ƙwallo biyu, ya tsaya, ya miƙo masa shi ba tare da ya duba ba. Na zauna ina jinjina ikon Allah da ya halicci hannun ɗan Adam. Nama ne da jijiya, amma idan an hore shi yana jin abin da sai sikeli yake gani. Shekara arba'in ina taƙama da yatsuna, ina gane fatar akuyar da ta sha wuya da taɓawa ɗaya, ban taɓa zaton a wasan da nake rainawa akwai masu irin wannan ilimin ba, har sun wuce ni nesa.

Na ce to ai sai a nemo wa Nura irin wannan. Ya girgiza kai ya ce, "In kab ba shi wanga, wata ukku gwiwar hannu nai ta tashi aiki. Ba don shi anka yi shi ba. Na Nura na kanti na, amma shekara guda nay yi ina gyara mai shi, kaɗan-kaɗan, ina kallon yadda shika bugu. Duk ƙasar ga babu irinai."

A nan ƙarfina ya ƙare. Na faɗa masa komai, har ramin.

Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya yi mini bayani a hankali. Dalmar da ke kai ita take hana raket ɗin juyawa idan ƙwallo mai ƙarfi ya zo. Ta mariƙi tana daidaita ta kan. Tudun da na kankare shi yake tare ɗan yatsanka, saboda kai can ƙasa kake riƙo. Ni na kwashe nauyin daga inda ake bukatarsa, na kuma jibga fata mai kauri ta ƙara wa mariƙin girma. Girgizar da raket ɗin ya kamata ya shanye, gwiwar hannunka ce ta shanye ta. Ya ce dalmar da aka rufe a ƙarƙashin naɗi ba ɗaya take da ƙurar da yara suka shaƙa suka haɗiya ba, amma tsorona ba wauta ba ne, kuma da na tambaye shi da ya gaya mini akwai wani ƙarfe mai nauyi da ake sawa a madadinta.

Kalmar nan ta "da ka tambaya" ta sake samuna ina da furfura.

Ka san me na roƙe shi? In sato masa raket ɗin daga saman kwaba ya mayar da komai kafin ka tafi, kai ba ka sani ba. Ka ga irin taurin kan ubanka, ana cikin wanke shi yana neman wani tabon. Ya ce, "A'a. Ba a gyaran raket bayan idon mai shi. Kuma ba raket ɗin kaɗai kab ɓata ba. Yaron ga wata biyu shina zargin hannu nai. Wannan ba ni iya gyara shi, sai kai."

Ya rubuta awon raket ɗinka yadda yake a da, nauyi da wurin tsayawa da girman mariƙi. Ita ce ƙaramar takardar da ka gani a cikin ambulan. Ka nemi mai ɗaura zare a sansaninku, galibi suna can wani ɗaki a baya ba wanda yake kula su. Ka gaishe shi kamar yadda za ka gaida malaminka, ka ba shi takardar, ka tsaya a yi aikin a gabanka. Ka gaya masa inda hannunka yake ciwo, kada ka ɓoye don a ce kai jarumi ne. In yana da wancan ƙarfen na madadi, ka ce ya sa shi, hankalina zai fi kwanciya. In babu, ku yi abin da ya dace, kai dai ka riƙa wanke hannu kafin cin abinci. Malam Audu ya ce mako uku ya isa hannunka ya tuna abinsa.

Za ka ga 'ya'yan manya da jakunkuna cike da sababbin raket masu ƙyalli, naka kuwa fentinsa ya goge. Kada ka ji kunya, kada kuma ka raina nasu. Na kanti ba na banza ba ne, an dai yi shi ne don ya shiga hannun kowa. Abin da kake gani a talabijin kuwa ba ka san me ke cikinsa ba, haka mutanen da za ka haɗu da su. Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka kira Malam Audu ka gaishe shi, ya ji ciwon ɗauke ƙafar da ka yi fiye da yadda ya nuna.

Sauran magana ɗaya, ita ce mai nauyin. Mai gyaran zai ce a cire fatar da na naɗa. Na san halinka, za ka ce a bar ta saboda aikin Baba ne. Kada ka bari. Ka sa a yanke ta. Ita ce fata mafi kyau da na taɓa jemewa, kuma ba ta dace da hannunka ba.

Innarka ba ta san komai ba tukuna, har yau tana cewa baki ne ya kama ka a Gusau. Da na miƙa wa direba takardar nan zan shiga gida in gaya mata, kuma ka san abin da zan sha. Wannan mai sauƙi ne. Na tsaya ina kallo kana cewa ba ka iya ba, alhali ka iya, na bar ka ka kwana da wannan har wata biyu don kada girmana ya zube a idonka. Ban taɓa neman gafarar ɗan da na haifa ba, ban ma san yadda ake yi ba. Nura, ka yafe mini. In ba za ka iya yanzu ba, ka bari sai bayan gwaji, ba zan ga laifinka ba. Ka dai shiga filin nan ka san cewa wanda aka kayar a Gusau ni ne.

Allah ya yi maka albarka, ya ƙarfafa hannunka, ya ba ka abin da ya fi alheri a gwajin nan. Ya tsare ka a zaune da tafe, ya kare mana hanyoyin da ke tsakaninmu, ya dawo mana da kai lafiya. Amin summa amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba Baduku